Hannun Hagun Malama Saratu

Ranar Asabar da ta wuce wasu samari, 'ya'yan mutanenmu da ke aiki a nan Riyad, suka biyo ni ɗakin gyaranmu da ke Al-Sulay don su ga yadda ake yi wa piyano aiki. Ɗayansu, ɗan wani injiniya abokina, wanda Larabcinsa ya ɗara Hausarsa tsawo, ya tsaya yana kallona ina fama da tsirkiya guda. Can ya ce, "Ammi," wato kawu da Larabci, "wallahi wannan abu mai sauƙi ne. Akwai manhaja a waya, ka danna ta nuna maka kore ko ja, halas, shi ke nan." Na ce Allah ya yi masa albarka. Wani ya ƙara da cewa shi kansa kiɗan ai danne-danne ne, shi da ya sayi na lantarki ya ajiye a ɗaki, kafin hutu ya ƙare har ya iya waƙa huɗu. Shi ma na ce Allah ya ƙara basira. Ban ja da su ba, domin tsohon malamin makaranta ya san ba a koyar da yaro yana tsaye da makullin mota a hannu. Na bari sai da na zauna, na rubuta musu wannan, ko sa karanta a wayar da suka amince wa haka.

Sana'ata daidaita sautin piyano da gyaransa. Ba ni nake kaɗawa ba. Ni mai wasa wuƙa ne, wani ke fawa.

Piyanon farko da na taɓa gani a buɗe na zauren taron wata sakandare ne a Jos, inda nake koyar da kimiyya. Tsohon akwati ne da 'yan mishan suka bari, ɓeraye suka gada. Shugaban makaranta ya kira wani dattijo, Baba Yohanna, mai yawo a babur daga coci zuwa makaranta da jakar fata a bayansa, aka ce in tsaya in riƙe masa tocila. Ya cire murfin gaba, sai ga tsirkiyoyin ƙarfe sama da ɗari biyu a jere, kowace a naɗe jikin ƙusarta, ga 'yan gudumomi masu kan ulu sun yi sahu suna jiran umarni. Ya ciro wani ƙarfe mai yatsu biyu, ya buga a gwiwarsa, ya kafa gindin ƙarfen a bayan kunne. Daga wannan sauti ɗaya tak ake gina sauran duka. Sannan ya ɗora mabuɗinsa a kan wata ƙusa, ya danna maɓalli, ya ce, "Malam, saurara ƙarƙashin sautin, ba samansa ba."

Na saurara. Sai na ji wata rawa a ciki, wawu, wawu, wawu, alamar tsirkiya biyu da ba su jitu ba. Ya motsa mabuɗin abin da bai kai kaurin gashi ba, rawar ta yi sanyi, ta ja, ta ja, ta tsaya cik. Na ce masa wannan abin ina koyar da shi a aji, har da lissafinsa, na zana masa a bayan ambulan. Ya duba ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ashe yana da suna! Shekara da shekaru muna tare ban taɓa tambayarsa ba." Daga ranar muka ƙulla: ni in ba shi lamba, shi ya ba ni kunne. Ciniki ne da ni na ci riba.

Na daɗe a bayan babur ɗin nan kafin ya bar ni in taɓa ƙusa. Manna ulu, goge tsatsa, kwashe kashin ɓera, sassaƙa itacen da ya kumbura. Ranar da ya fara ba ni mabuɗi na tsinka tsirkiya, ta zane ni a haɓa, tabon yana nan ƙarƙashin gemu. Amma babban darasin ba na hannu ba ne. Shi ne cewa in ka daidaita kowane sauti da abokinsa tsaf yadda kunne ke so, in ka zagayo ƙarshe lissafin ba ya haɗuwa, sai ka tarar da ɗan saura da ba shi da wurin zama. Ba laifin kowa ba ne, haka Allah ya halicci lamba. Don haka sai a raba wannan sauran a kan kowa, kowane sauti ya karkace kaɗan, yadda ba wanda zai ji. Piyanon da kuke jin ya daidaita, zaman gidan haya ne: kowa ya rage haƙƙinsa don a zauna lafiya. Wayarku tana iya ƙirga wannan, ban musa ba. Abin da ba ta sani ba shi ne wace ƙusa ce za ta zame bayan an tafi.

Aikin da ya haɗa ni da Malama Saratu a Legas ne, bayan na bar aji gaba ɗaya na koma bin manyan piyano na dandali, masu kwanciya, waɗanda tsawonsu ya kusa na ƙaramar mota. An ce wata 'yar ƙasa da ke kaɗawa a biranen Turai ta zo gida za ta yi wasa. Tun safe nake kan piyanon, na gama na gamsu da kaina. Sai ga wata gajerar mata da zani da ɗankwali, riƙe da jaka kamar mai zuwa biyan kuɗin wuta. Ba ta kaɗa komai ba. Ta bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wani can sama, ta danna, ta sake dannawa, ta karkata kai. Ta ce da Turanci wannan yana mura. Na duba, ulun gudumarsa ya fi na maƙwabtansa laushi da ɗan kaɗan. Na yi ƙunƙuni da Hausa, na ce wannan kunne sai ka ce na jemage.

Ta juyo ta ce, "Jemagen Zazzau ne. Kai na ina ne?"

Na ce Kano.

"Shi ya sa. In Bakano ya auna, dole a sake dubawa, ko ya danne mudu."

Na ce, "Ranki ya daɗe, da Zagezagi na biya yadda suke ƙorafi, da Kanawa sun daɗe da hutawa."

Tun daga nan ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai Bakano.

'Yar wani malamin firamare ce a Wusasa. A kan wani tsohon molon coci mai feda ta koya, irin wanda ake hura wa iska da ƙafa, maɓallansa uku matattu ne, in ta zo kansu sai ta cike gurbin da muryarta. Wata malamar kiɗa ta ji ta, aka nema mata gurbin karatu a Turai, ta tafi tana budurwa. Ta gaya mini malaminta na can ya hana ta kaɗa ko waƙa ɗaya tsawon hunturu guda, sai ɗaga yatsa da saukewa, ɗaga yatsa da saukewa, har ta fara zaton mahaifinta ya sayar da akuyoyinsa ne don a koya mata ƙwanƙwasa ƙofa.

Ku da kuka iya waƙa huɗu a hutu, ga abin da nake gani daga bayan labule, jakar kayan aikina a ƙafata. Mace ɗaya ta fito ba takarda a gabanta, ta zauna fiye da awa, dubban sautuka na fitowa daga kanta a jere, ba wanda ya riga ɗan'uwansa. Akwai kiɗan wani tsohon Bajamushe da yatsu goma ke ɗaukar muryoyi huɗu lokaci guda, kamar mata huɗu na hira a tsakar gida, kowace da zancenta, ba wadda ta katse wata, kuma kana iya bin wadda ka ga dama. Kuma duk wannan a kan dokin aro. Mai goge yana rataye abinsa ya shiga mota, mai kalangu haka. Makaɗin piyano kuwa kowane gari baƙon piyano zai tarar, a ba shi yini guda ya san halinsa, da yamma a ce ya hau a gaban jama'a.

Sannan ga wani abu da har yau bai zauna mini a kai ba. A kimiyyance, da zarar guduma ta bugi tsirkiya ta koma, sauti ya fara mutuwa ke nan. Ba ka iya ƙara masa, ba ka iya lanƙwasa shi kamar yadda mai sarewa ke yi. Abin da yatsa ke da iko a kai kawai shi ne saurin gudumar. Littattafai sun ce saboda haka maɓalli ɗaya, a ƙarfi ɗaya, sauti ɗaya zai ba kowa, ko gwani ne ko kyanwa ce ta taka. Na karanta, na yarda da littattafan. Na kuma ji Malama Saratu ta danna maɓallin da na gama dannawa, ya yi maganar da bai yi mini ba.

Na zo Riyad ne lokacin da aka buɗe wa kiɗa ƙofa, aka fara gina zauruka da makarantu. Wani ɗan kasuwa mai shigo da kayan kiɗa ya zama kafilina, wato wanda iƙamata, takardar zama, ke rataye a wuyansa. A nan na gane piyano itace ne da bai manta shi itace ba ne. A Legas yana shan laima ya kumbura. A Riyad iska ke tsotse shi har ƙusoshi su saki, allon cikinsa ya tsage. Ga mukayyif, na'urar sanyi, wadda ake kunnawa kamar ana fushi da ita. Ka daidaita piyano a ɗaki mai ɗumi, a sake masa sanyi kafin baƙi su zo, ka dawo ka tarar da aikinka ya bi iska. Rabin aikina a garin nan ba da mabuɗi nake yin sa ba, da tulun ruwa da roƙon masu gida nake yi.

Wani gida da na je a arewacin gari, farin piyano na tarar, an zaɓe shi ne don ya dace da labule. Matar gidan ta tambaye ni cikin ladabi ko zan iya gyara fararen maɓallan kawai a rage kuɗin, tunda yarinyar ba ta kai ga baƙaƙen ba tukuna. A wani gidan kuma na buɗe murfi sai ga kaskon turaren wuta a ciki, a kan tsirkiyoyi, wai don ƙamshi ya kama shi. Ya kama kuwa. Sautin ya mutu, amma ban taɓa gyara abin da ya kai shi ƙamshi ba. Ban raina su ba. Mutanen da suka ga abu sabo suka karrama shi da abin da suka fi daraja, ba su ne matsalar duniya ba.

Bayan 'yan shekaru wata cibiyar kiɗa a nan Riyad, mai zaurenta na kanta, ta ɗauki Malama Saratu ta riƙa yin wasa a dandali tana kuma koyarwa. Ni na je tarbarta a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid. Gashinta ya yi fari, jakar dai ita ce. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Bakano, piyano nawa ne a garin nan da mutum zai zauna a gabansu ba tare da ya yi istigfari ba?" Na ce uku, kuma duka ni ke kula da su. Ta ce, "To, biyu ke nan."

Muguwar shekarar ta fara ne da kira a waya. Ta ce maɓalli biyu na maƙalewa a babban piyanon zaure, ɓangaren dama. Na je na zare kayan cikin, na duba, na shafa, na mayar, ban ga komai ba. Bayan kwana kaɗan ta sake kira. Na sake. A karo na gaba ban buɗe komai ba, na ce ta kaɗa in gani. Ta fara. Sai na ga ƙaramin yatsanta na dama da na kusa da shi suna naɗewa cikin tafin hannu su kaɗai, kamar ganyen da aka taɓa, suna jan maɓallan da ba a aike su ba.

Na ce, "Malama, piyanon lafiyarsa lau."

Ta ce, "Na sani. So nake in ga ko za ka yi mini ƙarya. Yau na ga abin mamaki, Bakano ya ƙi sayar da gyara."

Wata likitar jijiya 'yar ƙasarmu da ke aiki a wani asibitin garin ta duba ta. Ta ce ba rauni, ba kumburi. Ƙwaƙwalwa ce, saboda yawan maimaita abu ɗaya shekara da shekaru, ta fara ɗaukar yatsu biyu a matsayin ɗaya. Abin takaicin, hannun yana iya komai. Yana rubutu, yana cin tuwo, yana zura zare a allura. Sai an ɗora shi a kan maɓalli yake tawaye. Aka yi allurai, aka yi motsa jiki, aka soke wasa ɗaya, aka soke na biyu.

Mudir ɗin cibiyar, wato shugabanta, mutum ne mai kirki, sai dai kirkin ofis yana da ranar ƙarewa. Kwantiraginta na mai wasa a dandali ne, kuma ya kusa cika. In ba a sabunta ba, iƙama ta faɗi, a buga mata bizar fita ba dawowa. Ba komawa gida ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne duniyar masu wannan sana'a ƙarama ce, labari na riga mutum sauka, kuma ba zauren da zai sake gayyatar dattijuwar da aka sallama saboda hannu. Wannan sallamar ita ce ta ƙarshe. Hukuncin kuwa yana hannun wani tsohon attajiri, Abu Fahad, wanda da kuɗinsa aka gina zauren. Shi kuma ya ce ba ya yanke magana a kan jita-jita. Ta zo majalisinsa ta kaɗa, ya ji da kunnensa.

Sai ta ce mini za ta yi da hagu kaɗai.

Akwai kiɗe-kiɗe da aka rubuta musamman don hannun hagu, wasu an yi su ne don wani makaɗi da yaƙi ya cinye wa dama. Ba sassauci a cikinsu. An rubuta su ne yadda mai sauraro zai rantse hannu biyu ne, wani wurin ma uku. Yatsu huɗu na haƙa can ƙasa, babban yatsa shi kaɗai ke ɗauke da waƙar a sama, hannun na tsalle daga wannan ƙarshe zuwa wancan ya dawo, feda na riƙe abin da ya bari a baya kafin ya faɗi. Na ce mata a shekarunta wannan sabuwar sana'a ce. Ta ce, "Hannun nan tun ina yarinya dako yake yi wa dama. Shi ke ɗaukar kaya, dama ke karɓar tafi. Bari mu ji ko yana da bakin magana."

Ba ta so ɗalibanta su ji tana tuntuɓe, don haka a ma'ajiyarmu ta Al-Sulay ta yi watannin nan, tsakanin akwatunan katako, motocin ɗaukar kaya na ƙara a waje. Takan zo da safe a tasi, ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ta ɗauki layi ɗaya ta bi shi a hankali kamar hawainiya har azahar. Leburorinmu, 'yan Sudan da 'yan Pakistan, tun suna dariya har suka koma rage murya in ta zauna. Ni kuma nawa aikin shi ne in sake wa piyano hali. Na matsar da benci dama don hagu ya kai sama. Na bi gudumomin ƙasa da allura ina sassauta ulunsu kada su danne waƙar, na taurara na tsakiya inda babban yatsa zai yi magana. Feda kuwa na rage mata nisa har ta koma kamar numfashi. Kullum in na gama sai ta ce saura kaɗan. Kullum kuma gaskiyarta.

Ranar da aka sa, tun hantsi muka kai piyanon gidan Abu Fahad, na bar shi ya sha iskar ɗakin, na roƙi a bar mukayyif yadda yake don Allah da Annabi, sannan na daidaita shi. Majalisin dogon ɗaki ne, darduma mai kauri, kujerun zama 'yan ƙasa-ƙasa a jikin bango. Bayan sallar la'asar aka cika: 'yan'uwansa, abokan kasuwanci, wasu matan gidan a gefe. Mudir ya ce zai yi bayanin halin da hannunta ke ciki kafin ta fara. Ta hana. Ta ce ba ta zo bara ba.

Ta fito da abaya mai faɗin hannu, ta zauna, ta ɗora hannun dama a cinya, ta fara. Daga inda jama'a suke zaune a ƙasa ba a ganin maɓallai, sai kafaɗarta. Don haka ba wanda ya san da hannu nawa ake yi. Suka ji kiɗa mai kyau, irin wanda aka saba, suka ci gaba da abin da ake yi a majalisi: wannan na raɗa, wancan na duba waya. Abu Fahad ya jingina da sandarsa. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin abin da ban taɓa jin hannu ɗaya ya yi ba, ina kuma ganin yana wucewa ta saman kawunansu.

Sai ga mai gahawa ya shigo. Wani tsoho ne, Ammi Mabruk, wanda ke zuba gahawa a gidan tun zamanin mahaifin maigidan. Al'adar nan tana da dokoki, kuma shi bai taɓa karya ko ɗaya ba. Da baƙon da ya fi daraja ake farawa. Ana miƙawa da dama, a karɓa da dama. Mai zubawa yana tsaye har ka sha ka mayar masa da finjali, zai kuma yi ta ƙara maka har sai ka girgiza finjalin, alamar ya isa. Ƙin karɓar na farko kuwa cin fuskar maigida ne. Shi kaɗai ne a tsaye a tsakiyar ɗakin, don haka shi kaɗai ya ga abin da sauran ba su gani ba: matar da maigidansa ya kira baƙuwarmu, ga hannun damanta a buɗe a cinya, ba komai a ciki. Aikinsa hannaye ne, ba kunnuwa ba. Ya nufe ta kai tsaye, ya tsaya a damanta, ya zuba, ya ƙwanƙwasa finjalin a bakin butar gahawar, ƙil, ƙil.

Mudir ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Ni kuwa na san abin da ke kan sikeli. Kiɗan ya iso wurin da ya fi cunkoso, inda hannun ke tsalle ba hutawa. In ta tsaya, zaren ya tsinke a gaban mai hukunci. In ta share shi, ta mayar da gahawar maigida a cikin gidansa.

Ba ta ko juya kai ba. Hannun dama ya tashi daga cinya, ya karɓi finjalin, ya ɗaga shi sama inda kowa ke gani.

Kiɗan bai rage ko ƙwayar sauti ɗaya ba. Ƙasa na ruri, waƙar na tafe a sama, ga finjali a iska yana tururi. Raɗa ta mutu daga wannan bango zuwa wancan. Na ga wani ya ajiye wayarsa a darduma a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta kurɓa, ta miƙa wa tsohon, ba ta girgiza ba. Shi kuwa doka doka ce, ya sake cikawa. Wannan na biyun ta riƙe shi har ƙarshe, ko ɗigo bai zuba ba. Sauti na ƙarshe ya mutu, ta ɗaga ƙafa daga feda, ta shanye, ta girgiza finjalin, ta mayar.

Ba wanda ya tafa. Abu Fahad ya miƙe da sandarsa, ya tako har gaban piyanon, ya yafito ni. Da Larabci ya yi magana, ya ce, "Ya muhandis," wato injiniya, "buɗe shi."

Sai na gane. A manyan otal-otal na garin akwai piyano masu kaɗa kansu, maɓallai na sauka ba kowa a benci kamar aikin aljanu, Abu Fahad kuma ya sha ganinsu. Ya ce bai ƙi a tausaya wa dattijuwa ba, amma ba a gidansa za a haɗa baki a sa na'ura a yi masa wasan yara ba. Mudir ya fara rantsuwa, Abu Fahad ya ɗaga masa hannu.

Na durƙusa na kwance sukurori, na cire murfin maɓallai, na zaro kayan cikin gaba ɗaya kamar aljihun tebur, na shimfiɗa a darduma a gaban jama'a. Itace, ulu, fata, 'yan ƙusoshi. Ba waya, ba batir. Abu Fahad ya sunkuya da ƙyar, ya leƙa ramin, ya leƙa ƙarƙashi, ya danna maɓalli ɗaya da yatsa, ya ga guduma ta yi tsalle ta bugi iska. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce in mayar. Na mayar, ɗakin na jirana, ba mai tari. Malama Saratu na zaune hannayenta biyu a cinya. Da Hausa ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Yi a hankali, Bakano. Yau kai ake auna wa."

Da na gama, Abu Fahad bai koma mazauninsa ba. Ya tsaya daidai kafaɗarta ta hagu, ya ce, "Ya ustaza, sake. Wurin da ya fi wuya."

Ta sake. Ya sunkuya yana bin hannun da ido, ya je, ya dawo, ya je, ya dawo, babban yatsan nan na tsince waƙar daga cikin gudu kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ban san me ya sani game da wannan kiɗa ba, ina jin bai san komai ba. Amma mutum ne da ya fara da ɗaukar buhu a kasuwa, ya san aiki in ya gan shi. Da ta tsaya ya ce ma sha Allah sau ɗaya, a hankali, kamar ba da mu yake ba. Ya waiwayi mudir ya ce, "Takardarta, a sabunta ta, kada in ƙara jin maganar."

Sannan ya miƙa wa wani sandarsa, ya karɓi butar daga hannun Ammi Mabruk, abin da aka ce bai taɓa yi wa kowa ba sai mahaifinsa. Ya zuba da kansa. Malama Saratu ta miƙo dama, yadda ya kamata. Ya janye finjalin, ya zagaya da shi ɗaya gefen.

Ammi Mabruk ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hagu ne fa!"

Abu Fahad ya ce, "Na gani. Wancan ya sha har biyu, bai yi aikin komai ba."

Ta miƙa hagu ta karɓa. Ta shanye, ba ta girgiza finjalin ba.